Mai Ɗinki Ta Je Neman Intanet

Ƙafarta na kan keken ɗinki, bakinta na kan yaren Fotugis.

"Tem Wi-Fi aqui?" Keke ya ce ƙirrr. "Qual é a senha?" Keke ya sake ƙirrr.

Baba Matuƙi, maƙwabcinta da ya ƙare ƙuruciyarsa a jirgin ruwa, shi ne malamin. Jimlar farko na nufin, akwai wayfay a nan? Ta biyu kuma, mece ce lambar sirrin? Ya so ya ƙara mata yadda ake tambayar banɗaki da abinci, ta ce ya riƙe kayansa.

"'Yar nan, za ki ƙetare teku da jimla biyu? Intanet za ki ci?"

"Baba, kai dai gyara min harshe."

A gidan surukanta an mai da ita abin dariya. Ƙanin mijinta ya ce tun a filin jirgi za a tsince ta tana kuka. Surukarta, Inna, ta ce kowa ya san garin da za ta je ba intanet, duk wanda ya shiga sai a ji shi shiru. Nan Mai Ɗinki ta dafa ƙirji, ta rantse a gaban manya da yara cewa daga tsakiyar garin za ta kira Inna, ido da ido. In ta kasa, kada a sake ba ta wurin zama a gidan.

Ta tafi, ba ta kuma yi kuka ba. Daga tasha ta ja akwatinta a ƙasa, tana duba wani hoto a wayarta. Ta wuce otal, ta wuce shagon waya, ta wuce gidan abinci har da alamar wayfay ɓaro-ɓaro a ƙofa. Sai a wani ɗan shagon shayi mai koriyar rumfa, kusa da inda jiragen ruwa ke sauke kaya, ta ja burki.

Mutum uku na zaune. Wata farar tsohuwa na gadin akwatin ciniki. A bayan kantar shagon wani dogon ma'aikaci na goge kofi, ya ɗago kai, kofin ya sulluɓe ya tarwatse.

Mai Ɗinki ta gyara mayafi.

"Tem Wi-Fi aqui?"

Dogon ya sunkuya yana tsintar fasassun kofi, kamar an aiko shi duniya don wannan aikin kaɗai.

Ta ɗaga murya irin wadda take kiran yara da ita daga ƙarshen layi. "Tem Wi-Fi aqui?"

Masu shan shayi suka juyo. Tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "Tem, tem," wato akwai, sannan ta watsa wa dogon wata magana mai zafi. Ya miƙe, gumi har wuyan riga.

"Qual é a senha?" in ji Mai Ɗinki, ta dire wayarta a kan kantar shagon.

Ya kalli ƙofar baya, ya kalli tsohuwar. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya ɗauki wayar, ya cire makullinta, ya danna lambar. Alamar ta cika taf.

Bugu ɗaya Inna ta ɗauka. Kawunan 'yan gida suka cunkushe a fuskar wayar, ƙanin miji a gaba, baki sake.

"Inna, ina yini? Ga ni a garin da ba intanet."

"Ikon Allah! 'Yar nan, a ina kika samo shi?"

Mai Ɗinki ta cafko dogon ta wuyan riga, ta juya wayar ta saita fuskarsa.

"Wurin ɗanki, Inna. Baban yara, gai da mahaifiyarka, tunda yau intanet ya zo garinku."