Katakon Baba Tsaye

Har yau in Auta ta buɗe ɗakin gwajin jini da safe, sai ta ji kamar za ta tarar da Baba Tsaye a kan doguwar kujerarsa, tabarau a karan hanci, 'yar rediyonsa na ƙus-ƙus a bakin taga. Shi ne shugaban ɗakin lokacin da ta fara aiki, shi ne kuma ya laƙaba mata Auta don ita ce ƙaramarsu.

Shi ma nasa laƙabin fifet ce ta jawo masa. Ga wanda bai san ta ba, fifet 'yar na'ura ce mai kama da ƙaton biro, ana maƙala mata bakin roba a zuƙo ruwan jini ko na magani daidai awo. Dokar Baba a kanta ɗaya ce: ba a kwantar da ita. Da wani ya ajiye ta kwance a tebur, sai ka ji muryarsa ko daga bayan firji ne, "A tsaye!"

Da hannunsa ya sassaƙa katako mai ramuka inda ake jera su. Kowace Litinin kuma sai ya zuƙo ruwa da kowacce, ya ɗiga a sikeli ya ga ko tana cika awo.

"Baba, wai ita ba ta gajiya ne?" Auta ta taɓa tsokanarsa. "Ko soja ai yana kwanciya."

"Soja in ya kwanta barci zai yi," in ji shi. "Wannan in ta kwanta da jini a baki, cikinta zai gangara ya bushe, ya ci robar da ke ciki. Daga nan ta fara ƙarya, kuma ba za ta faɗa miki ba."

Kai, zamani ne mai daɗi. Ana faɗa, ana dariya, ana shan shayi a kofunan da duk hannayensu sun karye. Baba ne ya riƙe babban yatsanta ya koya mata dannawa a hankali, kamar mai ɗiga wa jariri magani a ido. Tana sonsa kamar uban da ya haife ta.

Da ya yi ritaya, ita aka ba ɗakin. Kada ku ɗauki alhakinta, Auta ba muguwa ba ce. Aiki ne ya yi yawa, layi har bakin ƙofa, kowa na jiran sakamakonsa. Awon Litinin ya koma "sai wani makon". Katakon kuwa kusa da soket yake, sai aka tura shi ƙarƙashin tebur don a samu wurin cajin waya. Waya fa, jama'a. Fifet suka koma kwance, da jini a baki ko babu, ba mai cewa uffan.

Wata safiya sai ga Baba yana dogara sanda, 'yarsa na riƙe da shi. Gwiwoyi sun matsa masa. Likita zai ɗora shi a kan wani magani mai ƙarfi, amma ya ce sai an duba lafiyar ƙodarsa tukuna.

"Na ce mu je babban asibiti ya ƙi," in ji 'yar.

"Ina da 'ya a nan, in kai jinina wani wuri?" in ji Baba. Bai iya hawa matakalar ɗakin ba, a benci na waje ya zauna ya miƙa hannu.

Auta da kanta ta yi gwajin, da fifet mai ruwan ɗorawar kai wadda ya fi so. Sakamako ya nuna ƙoda lafiya lau. Ta kai masa tana murna, likita ya rubuta magani.

Bayan 'yan watanni ƙafafun Baba suka kumbura, amai ya ƙi tsayawa, fitsari ya ɗauke. A babban asibiti aka ce ƙodar ta daɗe da rauni, maganin ne ya ƙarasa ta. Likitan can ya yi ta mamakin gwajin da ya ce lafiyarta ƙalau.

Da labari ya iso, Auta ta ruga ɗakin gwaji. Ta ɗauko fifet ɗin ta kwance ta. Ciki busasshen jini ne da tsatsa, robar ta tsage. Ta sake haɗa ta, ta gwada a sikeli, da ƙyar take zuƙo rabin awo. Rabin jini ta auna, shi ya sa cutar ta ɓuya.

Ta sami Baba a gado, an haɗa shi da injin wankin ƙoda, ya rame ƙwarai. Ya dube ta ya yi murmushi.

"Auta, katakona yana nan kuwa?"

Ta durƙusa a gefen gadon, kuka ya ƙwace mata. "Baba, na kwantar da ita."

"Na sani," ya ce a hankali. "Na yafe miki, share hawayenki. Amma ba jinina kaɗai ta zuƙa ba. Tashi ki je ki nemo sauran."

Bai kai ƙarshen watan ba Allah Ya karɓi abinsa. Auta ta bi waɗanda aka yi wa gwaji da wannan fifet ɗaya bayan ɗaya. Wasu ta same su da sauran lokaci, wasu gaisuwar mutuwa ta tarar.

Katakon ya dawo kan tebur, wayoyi sun koma jaka. Sai dai ɗakin shiru yake yanzu, babu mai yin tsawar nan daga bayan firji.

Ma'aikatan gwaji, ku tsayar da fifet, ku tsabtace ta, ku riƙa duba awonta a kai a kai. Sakacin da kuke gani ƙarami a kan tebur, ran mutum yake ci, kuma ba ya tambayar ko naku ne.