Rigar Sanyin Ikrima

Hannun Fadila ya nutse har gwiwa cikin tulin gwanjo lokacin da ta jawo rigar. Ja ce, mai laushi, an yi mata zanen wasu 'yan furanni baƙaƙe. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta gyara niƙabinta, ta biya ba tare da ta taya ba.

Mijinta Sagir cewa ya yi ta sayo wa ɗansu Ikrima rigar sanyi sabuwa a kanti. To na kantin ta san halinsu: wanki biyu, wuya ya zama bakin buhu. Matsalar ɗaya ce, surukarta Hajiya Haulatu. Hajiya ta sha faɗa a tsakar gida cewa gwanjo kayan matattun Turawa ne, kuma duk wadda ta sa wa jikanta shi, ta haɗa komatsanta ta koma gidan ubanta. Fadila kuwa ba ta shirya komawa garinsu Babban Mutum ba.

Ta wanke rigar har sau uku, ta turara ta da turaren wuta, ta ce daga Kano aka kawo.

Sa ta ne ya zama aiki. Hannayen duka biyu ta gaba suka fito, kusa da juna. Bayan ya sauko har ƙasa, gaban ya tsaya a cibiya. A tsakiyar gadon baya ga wani zoben ƙarfe. Da yaron ya zauna sai rigar ta tattare masa a wuya, amma yana fara rarrafe ta kwanta lif, kamar a jikinsa aka yanka ta.

Hajiya ta zagaye shi tana kallo.

"Kin ga sabon abu ko?" in ji Hajiya. "Mai gidana ya zama ɗan gayu. Har wurin canza famfas suka bari!"

Zoben ma ita ta gano amfaninsa. Ta zura masa tsohon ɗankwali ta ɗaure a ƙafar kujerarta, Ikrima ya daina rarrafawa wajen murhu. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Hajiya ta fara kiran Fadila "'yar albarka", ita da a da sunanta "ke".

Daɗin bai daɗe ba. 'Yar Hajiya, Shatu, za ta zo daga Mai'adua da tagwayenta, Hajiya ta ce lallai a samo musu irin ta, guda biyu. Fadila ta ce to, murya can ciki.

Washegari ta koma wurin Munzali mai gwanjo a bakin kasuwa. Ya ce ta taki sa'a, an fasa sabuwar dilar gwanjo da ta shigo ta iyakar Kongolam. Ya tona, ya tona, ya zaro guda biyu, ko buɗe su ba a taɓa yi ba, suna cikin ledarsu da kwalinsu.

"Amarya, amma kin san dai..."

Ba ta tsaya ji ba, don ta hango wata maƙwabciyarsu tana doso layin. Ta cusa su cikin baƙar leda ta tare adaidaita. Duk hanya murmushi take cikin niƙabi. Kaya a rufe da kwalinsu, wa zai ce gwanjo ne?

Ta tarar da tsakar gida cike da mata, an zo ganin tagwaye. Ikrima na ɗaure a ƙafar kujera yana tsotsar ƙashin kaza. Fadila ta durƙusa ta miƙa wa Hajiya ledar da hannu biyu.

"Ku gani," in ji Hajiya, "mu nan gidan ba ma sa kwance. Dal a kwali!"

Ta ɗaga kwalin sama yadda kowa zai gani, tana laluben tabaranta da ɗaya hannun. Shatu ta jawo tagwayenta jikinta.

A jikin kwalin hoton wata Baturiya ce tana murmushi, riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma ga mai rigar nan tsaye da ƙafa huɗu, ya zaro harshe, bindinsa a sama.