Mijinta a Cikin Siliki

Kwana uku bayan allurar ƙwayar halittar tsutsar siliki ta soki mijinta a wurin aiki, ta tarar ya saƙa wa kansa kwanso fari fat a falo, yana munshari a ciki.

Shugaban ɗakin bincikensu ya zo ya shafa. "Baiwar Allah, wannan zaren ya fi zinariya. Amma sai an dafa kwanson da maigidan a ciki. In ya fito da kansa, zaren ya tsinke."

Ta tuna shekaru ashirin na masifarsa da gorinsa, ta ɗora babbar tukunya.

"Dama ko ya fito, malam-buɗe-littafi zai zama," in ji shugaban, "kuma irinsu ba su da baki."

Ta sauke tukunyar, ta je ta gyara wa mijin gado.