Sunan Barmo a Faifai

Marin farko ya sauka a kuncin Aisami tun hantsi bai gama dubawa ba, saboda zakara ya yi cara.

Zakaran ba nasa ba ne, amma aikinsa ne ya hana duk wani mai rai yin motsi a kewayen ɗakin. Wani Bature ne ya zo Gure da injin da ke kama murya ya zuba ta a faifan kakin zuma, a kai Turai a buga ɗaruruwan irinsa don garmaho. An toshe ɗakin baƙi na bariki da barguna da tabarmi har iska ba ta shiga. Da zarar allura ta fara yankan kaki, ko tari aka yi sai ya shiga, faifan kuma ya tashi aiki ke nan.

Aisami ne sabon ɗauka, don haka kowace wahala tasa ce. Ya kori awaki, ya roƙi mata masu daka su ajiye taɓare, ya jiƙa tsumma ya lulluɓe akwatin kaki kada zafi ya narkar da shi, tsumman ya bushe ya sake jiƙawa. Magidanci ne da gemunsa, amma "kai yaro" ake kiransa. Ya yi ta zarya kafin a ɗauke shi, har ya ce ko abinci kawai za a ba shi ya yarda. Mutane sun yi mamaki, don yana da lambun dabino a kwari wanda ya ishe shi rufin asiri.

Mai marin kuwa Barmo ne, tafintan da ya rako Baturen daga Damagaram. Ya taɓa zama a barikin Gure shekarun baya, lokacin da ake kwasar mutane aikin dole, ya bar garin da tumbi da garken tumaki. Barbarci, yaren mutanen garin, bai iya ba sai gaisuwa, wai yaren masu raƙuma ne. Amma a gaban Bature yakan yi ta gyaɗa kai kamar da shi ya buɗe baki.

Da rana ta take, jaki ya tsuge da kuka ana tsakiyar ɗaukar wani mai goge. Barmo ya fito ya shuri Aisami a gaban jama'a. Zuciyar Aisami ta tafasa har idonsa ya kaɗa, amma ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya koma bakin aiki.

Saura faifai ɗaya. Barmo ya ja shi gefe.

"In wannan ya lalace, zan ce wa Mushe Bature kai ka ɓata su duka, ka kwana gidan kaso. Waƙar Barbarci yake so. Je ka nemo mai yi, ka ce a sa sunana a ciki sosai, yadda za a ji ni har Kano."

"To, ranka ya daɗe."

Bai yi nisa ba. A bakin ƙofar bariki akwai wata tsohuwa da tun safe take zaune da kwandon dabino, ba ta yi talla ba, ba ta sayar da ko ɗaya ba. Ya kawo ta, aka zaunar da ita a gaban injin, aka rufe ƙofa.

Aisami ya ɗaure bakin jakin da igiya, ya kai awaki bayan tudu, ya cafke zakaran ya danne shi a hammata yana riƙe da bakinsa. Gumi na shiga masa ido, bai sa hannu ya share ba.

Muryar tsohuwar ta ratso barguna, siririya, ba rawa a cikinta. Mutanen gari da suka taru kallo suka yi tsit. Mata suka rufe baki da mayafi, wani dattijo ya sunkuyar da kai. Barmo na leƙensu ta tsagar tabarma, daɗi ya cika shi, don bai taɓa ganin an girmama sunansa haka ba. Kowane baiti sai ya ji "Barmo", can kuma ya ji "Umara".

Da allura ta tsaya, Baturen ya tambayi wane ne Umara.

"Wani babban sarki ne na Borno, Mushe," in ji Barmo. "Da shi take kwatanta ni."

Faifan ya fito tas, ba tari, ba cara. Barmo ya miƙa wa tsohuwar tukwici, ta ɗauki kwandonta ta wuce ko kallonsa ba ta yi ba. Ya yi dariya, ya ce mutanen ƙauye akwai kunya. Sannan ya tsaya a kan Baturen sai da aka rubuta a jikin akwatin cewa waƙar Barmo tafinta ce, don kada a zaci wani Barmon.

Aisami ne ya ɗauki akwatin zuwa mota. Ya naɗe shi da jiƙaƙƙen bargo, ya kwantar da shi a inuwa kamar jariri, ya ɗaure shi da igiya, ya ja ya sake ja.

"Ba ka da amfani," in ji Barmo daga kan mota, "amma yau ka yi abin kai."

Bayan la'asar motar ta kama hanyar Damagaram. Aisami bai tsaya karɓar abincinsa ba. Ya bi hanyar kwari, ya cim ma tsohuwar, ya karɓi kwandon daga kanta. Sai da suka sha kan tudun rairayi ta tambaye shi ko allurar ta kama duka.

"Duka, Inna," in ji shi. "Da ragon da Barmo ya karɓa, da yadda ya tura Umara aikin dole a madadin ɗan attajiri, da rijiyar da ta rufta da shi. Duk mai jin Barbarci daga nan zuwa Borno zai san wanda ya kashe miki ɗa."