Janareton Ƙaramin Asibiti

Injiniya yana tsugune gaban janareton otal, hannu duk baƙin mai, wayarsa ta yi ƙara. Ya share. Ta sake yi. Ya zaro ta da yatsu biyu.

Manhajar kamfani ce. Aikin otal ɗin da yake kai ya koma rawaya, wato ya jira. Wani sabo ya hau samansa, ja wur: ƙaramin asibiti bayan tasha, janareto ya mutu, ga shi an ɗauke wuta. A ƙasa an rubuta, "Tashi yanzu."

Mutum ɗaya ce ke masa magana haka, matarsa. Ita ke raba wa ma'aikata aiki, shi ya sa kowa ke ce mata Kwamanda, har shi. Da, a ofis take wuni tana kiran wannan tana cigiyar wancan. Tunda komai nasu ya koma intanet, ofis ya zama wayarta. Watannin nan ma daga kujerar falo take juya su, ƙafa a kan filo, tana kallon kowa a taswira kamar kiyashi.

Ya kira ta. Ba ta ɗauka ba.

Manajan otal ya ga yana tattara sifana. "Malam, ina zuwa? Baƙina gumi suke yi."

"Asibiti ne, ranka ya daɗe."

"To in ka fita, ka fita ke nan."

Ya fita.

A kan babur wayar ba ta bar shi ya huta ba. "Bar babban titi, ya cushe. Bi ta bayan kasuwa." Ya bi. "Tsaya shago ka ɗauki famfon mai." Ya buɗe baki zai yi mita, wai ta ina ta san abin da ya lalace? Sai ga tarihin injin ta turo. Abokin aikinsa ya taɓa duba shi, ya ɗauki hoto, ya rubuta cewa famfon ya kusa gajiya, masu asibiti suka ce a bari tukuna. Ya tsaya shagon, ya ɗauki famfo.

Ya sake kira. Shiru. Ya tura mata, "Kin sa mun rasa otal."

Amsa ta zo: "Gudu."

Asibitin ɗan ƙarami ne, zafi kamar a tanda. Wata nas ta tare shi tun daga ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa, ta ja shi ta bayan gini, ba ta bari ya bi ta ciki ba.

"Akwai wata mata a ɗakin tiyata," ta ce. "Likita ya wanke hannu, wuta kawai yake jira. Ba za ta iya jira da yawa ba."

Ya nufi janareton. Ya durƙusa. Famfon ne kuwa. Ƙusa ɗaya ta yi tsatsa, ta ƙi motsi. Ya zuba mata mai, ya danna, ta ƙi. Gumi yana shiga masa ido. Nas ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa. Ya sa ƙarfi, sifana ta zame ta kwashe masa fatar yatsa. Ya tsotse jinin ya ci gaba. Can ƙusar ta saki.

Ya ɗaura sabon famfo, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya mutu. Ya sake. Tari, tari, sai ya kama. Fitilar baranda ta kawo.

Wayar ta yi ƙara. "Sannu da ƙoƙari. Don Allah kar ka tafi, ka tsaya kusa da shi."

Ya ɗaga gira. Kwamanda da sannu, har da don Allah? Lallai yau an yi sabon abu.

Ya tsaya. Ya zaga injin, ya duba mai, ya sake zagawa. Ya zauna kan wani bulo, ya miƙe. Yana ta lissafin abin da zai gaya mata in ya koma gida, ita da manhajarta da taswirarta. Ta wata taga ya jiyo kukan jariri, siriri. Ya yi ajiyar zuciya. Otal ya tafi dai, amma wani gidan yau sai murna.

Yana naɗe tsummansa nas ɗin ta dawo, tana ƙunshe dariya.

"Ka yi haƙuri, ita ta hana a gaya maka. Wai in ka ruɗe ko sifana ba ka iya riƙewa. Da aka shiga da ita ma ƙanwarta ta bar wa wayar."

"Wa fa?"

"Matarka mana. Ta ce ka rufe aikin a manhaja, ka wanke hannun nan da sabulu, sannan ka shigo ka ɗauki 'yarka."