Ƙwaƙwalwar da Ta Fi Ƙarfin Fanka

Tunda ka ce alheri kaɗai kake nufin yaron nan da shi, bari in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran kwamfuta a bayan tasha, mutum mai sanyin hannu. Idan aka kawo masa tsohuwar laftof, irin wadda ake iya cire wa ƙwaƙwalwa, aka ce a sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa mai gudu, wato furosesa, ba ya tsayawa ga ko sabuwar za ta zauna a gurbi, ko allon ciki zai karɓe ta. Sai ya duba yawan zafin da take fitarwa, ya auna shi da abin da fanka da bututun jan ƙarfen injin za su iya kwashewa. In bai yi daidai ba, yakan ba mai kaya haƙuri. Yana da 'ya ɗaya, tana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine, kuma laftof ɗinta shi ya haɗa mata daga gawar wasu biyu. Ranar miƙa zanenta ta matso, wanda bai miƙa ba kuwa sai ya maimaita shekara. Kullum yana ganinta ta yi tagumi a gaban injin, tana jiran hoton gini ya gama fitowa, abin yana ci masa rai, don ba shi da halin saya mata sabuwa.

Ana nan sai wata furosesa mai ƙarfi ta faɗo hannunsa. Ya gwada ta a laftof ɗin 'yar, ta zauna daram, allon ciki ya karɓe ta. Da ya duba zafinta a ma'aunin wat sai ya ga arba'in da biyar, injin kuwa na talatin da biyar aka ƙera. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce a ransa ai goma ba wani abu ba ne. Da kayan wani ne, da nan maganar ta ƙare. Amma na 'yarsa ne. Ya gwada ta da sanyin safiya, murfin ƙasa a buɗe, fankar shago tana kaɗawa a kai, ta yi gudu har shi kansa ya yi dariya. Ya ɗaure, ya kai gida. Yarinyar ta ga aikin da take jira har shayi ya huce ya fito kafin ta ajiye kofi, ta riƙa yi masa godiya kamar wanda ya ba ta mota.

Lokacin bazara ne, ɗakinta kuma rufin kwano. Wata rana ya dawo gida da azahar, abin da bai saba ba, ya jiyo wani kuka siriri kamar na sauro. Ya leƙa. Ta ɗora laftof ɗin a kan gwangwanayen madara, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi, hannun dama yana zane, na hagu yana yi wa injin fifita da mafici. Yana tsaye allon ya yi baƙi, aikin da ba ta adana ba ya tafi. Ba ta yi salati ba, ba ta ko ɗago kai ba, ta ci gaba da fifita. Da wannan ya gane ba yau aka fara ba.

"Tun yaushe, Mamana?"

Ta zabura ta ɓoye maficin a bayanta. "Ba kullum ba ne, Baba. Kuma in tana yi, wallahi gudu take."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ga yadda fuskarka ta yi ranar da ka kawo ta."

Ya taɓa gefen injin da bayan hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya jira ya huce. Nan kan tabarmarta ya kwance shi. Robar da ke kusa da bututun har ta fara sauya launi. Kaɗan ya rage allon ciki ya ƙone. Ya cire furosesar, ya aika aka kawo masa wata daga shago, wadda ta ɗan ɗara ta asalin injin amma ba ta wuce ƙarfin fankar ba. Ya busa ƙura, ya ɗiga farin man da ke kai zafi ga bututu, kamar ƙwayar dawa, ya ɗaure. Gudun ya ragu, jira ya dawo, amma injin bai sake mutuwa ba. Kwanakin da suka rage, yakan rufe shago da wuri ya zo ya zauna bakin ƙofarta, suna ɓarar gyaɗa, ginin yana fitowa a allo bango bayan bango. Ranar miƙawa ta kai nata cikakke, har da inuwar bishiyar da ta zana a tsakar gidan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.