Kayan Ɗakinta

Lokacin da a-kori-kurar ta tsaya a ƙofar gidansa a Dutsin-Ma, tsohon malamin makarantar yana nan kan bakansa. Jiya, bayan ya saki matarsa, ya faɗa a gaban dattawa: "Garatutina gumina ne. Ta kwashe kayan ɗakinta, ni in riƙe nawa."

Ƙaninta ne ya zo daga Kurfi da majiya ƙarfi, har da igiyoyin ɗaure kaya. Sai ga ta ta fito da ƙullin zane ɗaya a ka.

"Yaya, ina gadon? Ina kwanukan jere?"

"Mun cinye su tun shekarun da ake jiran kuɗin Malam su fito," ta ce a hankali. "Mu tafi."

Malam ya leƙa ɗakin. Bango fayau, sai shatin kwanuka. Sai ya tuna tuwon da bai taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba.

Motar ta tashi wayam, igiyoyi suna lilo, maƙwabta suna kallo. Ya kasa ɗaga kai.